Yadda ake hana ƙanƙara toshe bututun na'urar ɗumama gida a lokacin sanyi

A garuruwa irin su Winnipeg, Edmonton, Saskatoon da Minneapolis, daren da sanyi ya fi tsanani shi ne daren da na'urar ɗumama gida ta fi tsayawa, kuma sau da yawa babu abin da ya lalace a jikinta. Ƙanƙara ce ta toshe ɗaya daga cikin bututun roba biyu da suka leƙo waje ta jikin bango. Wannan jagora ta masu zama a irin waɗannan wurare ce, musamman 'yan'uwa da ba su daɗe da zuwa Kanada ko arewacin Amurka ba, suka kama gida mai na'urar gas a ɗakin ƙasa, kuma ba wanda ya zagaya da su bayan gida ya nuna musu inda bututun suke.

Daga ina ruwan yake fitowa

Gas idan ya ƙone yana haifar da ruwa. Kowane kilo ɗaya na gas yana ba da ruwa kimanin kilo biyu, a matsayin tururi. Tsofaffin na'urori suna barin tururin ya bi hayaƙi mai zafi ya fice ta saman rufi, zafi mai yawa ya tafi a banza. Na zamani kuwa suna tatse zafin hayaƙin har sai tururin ya koma ruwa tun a cikin na'ura, kamar yadda yake taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya. Da haka suke mayar da kashi 90 zuwa 98 cikin ɗari na gas ɗin ya zama ɗumi a gida. A Kanada, tun ƙarshen 2009 doka ta sa sabuwar na'urar gas ta gida ta kai kashi 90, a watan Yulin 2019 aka ɗaga zuwa 95. Saboda haka yawancin gidajen da aka gina ko aka sake wa na'ura a shekarun nan irin wannan ke cikinsu.

Hayaƙin da ke fita daga irin wannan na'ura ɗumi-ɗumi ne, digiri 40 zuwa 55 a ma'aunin Salsiyos, shi ya sa bututun roba ke iya ɗaukarsa. Amma jiƙe yake sharkaf. Na'ura mai ƙarfin BTU 100,000 (BTU ma'aunin yawan zafi ne) tana iya tara ruwa kusan lita uku a cikin awa ɗaya idan tana ci ba tsayawa. Mafi yawansa yana bin siririn tiyo zuwa magudanar ƙasa, ragowar ya bi bututu zuwa waje, inda zai haɗu da iska mai digiri 25 ko 30 ƙasa da sifili.

Ku fita da rana ku gane bututunku tun kafin buƙata ta taso. Farare ne ko masu launin toka, faɗinsu inci 2 ko 3. Wanda ke fitar da farin tururi idan na'ura na aiki shi ne na fitar hayaƙi, yawanci bakinsa a miƙe yake yana kallon waje. Wanda bakinsa ya lanƙwasa yana kallon ƙasa shi ne na shigar iska, idan kun kara hannu za ku ji yana zuƙa. A wasu gidaje an haɗe su a baki ɗaya, hayaƙi na fita ta tsakiya, iska na shiga ta gefe a bayan wata 'yar malfa.

Kowanne da irin ƙanƙararsa. Na hayaƙi yana tara mai tauri kamar gilashi: ruwa ya ɗiga a leɓen bututu ya daskare, wani ya hau kansa, baki ya yi ta ƙanƙancewa, ko kuma tulin ƙanƙara ya taso daga ƙasa har ya taɓo bututun. Na shigar iska yana tara fara mai laushi kamar gari, wadda ke tsirowa daga ciki a jikin gwiwar bututu. Wannan ta fi yaudara, domin daga nesa komai lafiya, sai an sunkuya an haska tocila za a ga ta cike bakin. Asalinta kusan kullum ɗaya ne: bututun iska yana zuƙo tururin da ɗan'uwansa ya fitar. Sai iri na uku, dusar ƙanƙara da iska ta koro ta binne su duka biyun.

Alamomin toshewa

Kafin na'ura ta kunna wuta, wata ƙaramar fanka ce ke fara juyawa don ta ja iska ta bututun. Akwai wani ɗan makunni mai jin matsin iska da ke tabbatar da cewa hanya a buɗe take. Idan bai ji matsin da ya kamata ba, ba zai bari gas ya buɗe ba. Abin da za ku ji shi ne fanka ta taso, ta yi ta juyawa, wuta ba ta kama ba, ta tsaya, ta sake gwadawa. Wani lokaci wutar za ta kama na 'yan mintuna ta mutu. Ta ɗan gilashin da ke jikin ƙofar na'urar za ku ga fitila tana ƙiftawa. Ku ƙirga ƙiftawar ku duba takardar da aka manna a jikin ƙofar. A na'urorin Goodman da Trane da yawa ƙiftawa uku na nufin matsalar matsin iska, a na Carrier lamba 31 ce. Idan kuma kuna jin ƙarar ruwa yana ɓulɓul a cikin bututu ko fanka, ruwa ne ya kwanta inda bai kamata ba.

Wannan makunni yana ceton rai, amma kada a dogara da shi kaɗai. A watan Janairun 2005, a garin Plymouth na jihar Massachusetts, dusar ƙanƙara ta toshe bututun na'urar ɗumama wani gida, iskar kabon monoksaid mai guba ta cika ɗakuna, yarinya 'yar shekara 7 ta rasu. Daga nan jihar ta yi dokar da ake kira Dokar Nicole, da sunan yarinyar, wadda ta wajabta ƙararrawar wannan iska a gidaje. Lardin Ontario ma ya wajabta ta daga watan Oktoban 2014. Iskar ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala da suka kama mutanen gida lokaci ɗaya, kuma suka sassauta idan an fita waje, su ne alamunta. Idan ƙararrawa ta yi kuka ko kun ga haka, ku fitar da kowa, ku kira 911 daga waje, maganar bututu ta jira.

Idan ta tsaya cikin dare

1. Ku kashe na'urar daga ma'aunin zafi na bango, sannan ku kashe makunnin wutarta. Yana jikinta ko a bango kusa da matakala, kamarsa ɗaya da makunnin fitila.

2. Ku ɗauki shebur, tsintsiya, tocila da safar hannu. Ku kwashe dusar ƙanƙara kimanin mita ɗaya ta kowane gefe, ƙasan bakin bututu ya samu sarari aƙalla santimita 30. Idan kun kusa bututun ku ajiye shebur ku ƙarasa da hannu. Roba a irin wannan sanyi ba ta da juriya, bugu ɗaya na iya tsaga ta.

3. Ku haska cikin bututun iska. Farar ƙanƙarar tana fita da yatsa ko da burushin wanke kwalba. Ku riƙa jawo ta waje. Idan kun tura ta ciki za ta narke a kan wurin ƙona gas.

4. Ƙanƙara mai tauri ta bakin bututun hayaƙi a narka ta ake yi. Na'urar busar da gashi ta fi komai, a matsakaicin zafi, ana kaɗa ta ba a tsayar da ita wuri ɗaya ba, kuma a jona ta a soket ɗin waje mai maɓallin yanke wuta idan ruwa ya taɓa. Tsumma da aka tsoma a ruwan ɗumi aka naɗe a bayan bututun ma yana saki. Banda tafasasshen ruwa: robar PVC da aka amince da ita don wannan aiki a Kanada iyakarta digiri 65 ne. Banda wutar walda ko kyandir, banda guduma da sukudireba, banda zuba gishiri a ciki, domin zai gangara cikin na'ura ya ci ƙarfe. Bututun iska kuwa ko ɗigon ruwa kada a zuba masa.

5. Tulin da ya taso daga ƙasa a farfasa shi daga gefe, a kwashe shi nesa. Idan ya manne da bututun, a narka mahaɗar tukuna.

6. Tunda kun fito, ku share mitar gas da tsintsiya, musamman ɗan bakin numfashi na na'urar rage matsin gas da ke jikinta. Ku duba bututun tukunyar ruwan zafi da na injin busar da kaya.

7. Ku koma ciki, ku kunna wutar na'ura, ku ɗaga ma'aunin zafi. Yanke wutar da kuka yi ya goge kullewar da ta yi wa kanta, in ba haka ba wasu sai sun yi awa ɗaya zuwa uku kafin su sake gwadawa. Ku sake fita ku ga tururi na fita da ƙarfi, ku kuma tsaya har ta gama zagaye ɗaya cikakke.

Idan kun gwada sau biyu ta ƙi, ku tsaya nan ku kira ma'aikacin gas mai lasisi. Toshewar na iya zama can cikin bango, ko matarin ruwan da ke jikin na'ura ne ya cushe, ko makunnin matsin iska ne da kansa ya mutu. Za ku ga bidiyo a intanet ana haɗe wayoyin makunnin matsin iska don na'ura ta tashi. Wannan cire kariya ce daga na'urar da ta riga ta nuna ba ta iya fitar da hayaƙinta, kada ku yi, kada ku yarda wani ya yi muku. Idan bututunku ta saman rufi ya fita, kada kowa ya hau rufi mai santsi, aikin masu kayan aiki ne. Ɗan haya ya kira mai gida nan take ko da tsakar dare ne, ya kuma aika saƙo a rubuce, domin ɗumama gida a lokacin sanyi haƙƙi ne da dokokin haya suka tanada.

Kafin mai gyara ya iso, ku taru a ɗaki ɗaya da hita ta lantarki, a jona ta kai tsaye a bango, a nesanta ta mita ɗaya daga labule da katifa. Ku buɗe ƙofofin kabad na ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ku bar famfo yana ɗan tsiyaya don kada bututun ruwa su daskare su fashe. Wanda ya saba da kaskon garwashi a ɗaki lokacin hunturu ya sani cewa gidajen can a toshe suke ruf, iska ba ta ratsa su. Gawayi, murhun girki, tanda a buɗe ko janareta a gareji duk suna iya kashe mutanen gida cikin barci.

Gyaran da ke hana ta dawowa

Toshewa sau ɗaya bayan babbar guguwa ba abin mamaki ba ne. Amma bututun da ke toshewa duk lokacin da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifili, akwai kuskure a yadda aka ɗora shi, kuma kuskuren yana aunuwa da tef. Dubawa taku ce, yanka da haɗa bututu kuwa na mai lasisi ne. A Ontario hukumar TSSA ce ke ba da lasisin.

Ku fara da gangare, domin shi ne babban mai laifi. Bututun hayaƙi dole ya gangaro zuwa ga na'ura, ba zuwa waje ba, da aƙalla rubu'in inci a kowace ƙafa, wato kimanin santimita 2 a kowace mita. Bututu mai tsawon mita 6 kenan bakinsa na bango zai ɗara na wajen na'ura tsayi da santimita 12. Dalili shi ne ruwan da ya taru a hanya ya komo ciki inda akwai ɗumi da magudana. Idan gangaren ya juya waje, duk ruwan nan a leɓen bututu zai ƙare. Ku ɗora lebur, abin da magina ke auna gangare da shi, a kan kowane sashe, har da ɗan guntun da ya ratsa bango, wanda aka fi mantawa da shi. Ku kuma duba ko bututun ya yi ciki a tsakiya. Roba mai ɗumi tana lotsawa da shekaru idan maratayanta sun yi nisa da juna, ruwa ya kwanta a lotsawar, hanyar iska ta ragu, makunni ya riƙa kashe na'ura ko da babu ƙanƙara ko kaɗan. Yawancin masu ƙera na'ura suna son marataya a kowace ƙafa 3 zuwa 5. Ƙarin marataya biyu ko uku gyara ne mai araha da ke kawar da matsalar gidaje da yawa.

Sai tsayi. Ƙa'ida ita ce bakin bututu ya ɗara ƙasa da santimita 30, ko ya ɗara iyakar inda dusar ƙanƙara ke kaiwa da santimita 30, kuma na biyun ne abin lura. Bututun da ke santimita 30 daga ciyawa a watan Yuli yana iya nutsewa a Janairu, balle a bangon da iska ke tara dusa a jikinsa. Maganinsa a ɗaga shi da gwiwoyi biyu da miƙaƙƙen bututu a jikin bango. Sai dai duk abin da aka ƙara a waje yana sanyaya hayaƙi, don haka a rufe ƙarin da soson roba mai kaurin rabin inci, irin wanda ba ya shan ruwa. Littafin kowace na'ura yana da jadawalin tsawon bututun da aka yarda ya zauna a sanyi, da soso da kuma babu soso, gwargwadon sanyin garin. Haka za a rufe duk sashen da ya bi ta gareji ko cikin rufi.

Tazara tsakanin bakunan biyu ita ce maganin farar ƙanƙara. Tururi sama yake tashi, don haka bakin hayaƙi ya kasance sama da na iska, galibi da santimita 30, yana harba tururinsa nesa da bango. Kuskuren da aka fi gani shi ne a sa wa bakin hayaƙi gwiwa mai kallon ƙasa don gudun ruwan sama, sai tururi ya bugi ƙasa ya dawo kai tsaye cikin bututun iska. Wani kuskuren kuma wuri ne: lungu tsakanin bango biyu, ƙarƙashin baranda, bayan shinge ko shuke-shuke masu duhu, ko matsattsen lungu tsakanin gida da gidan maƙwabci. A irin waɗannan wurare tururi ba ya watsewa, yana tsayawa ya lulluɓe bango da ƙanƙara, kuma da yake ruwan yana da tsami yana cin bulo da siminti a hankali. Ku lura ko bututun injin busar da kaya ko na maƙwabci yana hura wa naku danshi. A Kanada ana barin santimita 30 tsakanin bakin hayaƙi da taga ko ƙofa ga na'urar da ba ta wuce BTU 100,000 ba, santimita 90 ga wadda ta wuce, mita 1.8 daga bakin da fanka ke jawo iska cikin gida, da santimita 90 daga bakin numfashin mitar gas. Duk wanda zai matsar da bututu sai ya kiyaye waɗannan.

Faɗin bututu ma yana da hannu a ciki, kuma mutane suna zaton babba ya fi. Bututun inci 3 a kan ƙaramar na'ura yana sa hayaƙi tafiya a hankali, ya huce tun a hanya, ya fito ba ƙarfi ya tsaya a bakin bango. Abin ya fi tsanani a na'urori masu mataki biyu ko masu rage wuta da kansu, domin yawancin lokaci a ƙaramar wuta suke aiki. Wasu kamfanoni, irin su Lennox, suna sa a ƙanƙance bakin ƙarshe don hayaƙi ya fita da gudu. Wannan sai inda littafin ya ce a yi. Idan kuma bututu ya yi tsawo da gwiwoyi da yawa, fanka tana aiki a iyakar ƙarfinta, 'yar ƙanƙara kaɗan ta isa ta tsayar da komai, domin kowace gwiwa ana lissafa ta a matsayin ƙarin ƙafa da dama na bututu.

Raga kuwa, niyyar mai sa ta kyakkyawa ce, don hana tsuntsaye da ɓeraye, amma raga mai ƙananan idanu irin ta sauro ita ce wurin da ƙanƙara ta fi saurin kamawa. Cikin dare ɗaya za ta zama murfi. A cire ta. Idan dole sai da raga, a sa mai manyan idanu wadda kamfanin ya yarda da ita.

Saura hanyar ruwa ta ciki. Akwai ɗan matarin ruwa na roba a jikin na'ura wanda ke barin ruwa ya wuce ya hana hayaƙi bi. Datti yana taruwa a cikinsa, a wanke shi sau ɗaya a shekara, a sake cika shi da ruwa kafin a mayar. Tiyon da ya tashi daga nan ya ƙare a magudanar cikin gida ko a ɗan famfon tura ruwa. Idan an fitar da shi waje ta bango, zai daskare a makon farko na sanyi, ruwa ya koma ya cika fanka. Inda dole ya bi wuri mai sanyi, ana naɗa masa wayar ɗumi mai daidaita zafinta da kanta. Wayar ta tiyon ruwa ce, kada a naɗa ta a bututun hayaƙi sai kamfanin ya rubuta yarda.

Lokacin yin duk wannan shi ne Satumba ko Oktoba, kafin masu gyara su cika da kira. Ku kafa dogon sanda mai launi kusa da bututun don a gane wurin idan dusa ta rufe, kuma ku gaya wa duk mai share muku hanya kada ya tara dusa ko ya harba ta da inji a wannan bango. A sa ƙararrawar kabon monoksaid a kowane hawa na gida da kusa da ɗakunan kwana, a danna maɓallin gwajinta duk wata, a duba ranar ƙarewarta a baya, domin yawancinsu shekara 7 zuwa 10 suke yi. Da sanyi ya kama, a leƙa bututun bayan kowace zubar dusa da kowace iska mai ƙarfi, a kwanakin tsananin sanyi kuma safe da yamma. Ɗan siririn ƙanƙara da ke rataye a leɓen bututun hayaƙi ba matsala ba ne, a karya shi da hannu tun yana ƙarami.

Idan za ku kira mai gyara, ku ɗauki hoton ƙanƙarar kafin ku cire ta, ku rubuta lambar da fitila ta nuna, da sanyin wannan dare da ɓangaren da iska ta fito. Zai iya zuwa da rana bayan komai ya narke, kuma da waɗannan ne zai gane ko gangare ne, ko tazara, ko faɗin bututu. Ku nemi ya buɗe littafin na'urar a shafin bututu ku auna tare.